Yashin da Na Bari a Sandunan Baffa Sambo

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata a nan Gumel, ya ɗauki ɗaya daga cikin sandunan hammata da na jingine, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi a ganinsa wannan aikin rabin awa ne. A yanko bututun ƙarfe, a lanƙwasa, a ɗiga masa walda, an gama. Ban yi musu da shi ba, tsufa ya raba ni da musu. Cewa na yi ya naɗe ƙafarsa ɗaya, ya dogara da sandar ya je bakin masallaci ya dawo. Ko rabin hanya bai kai ba ya sauke ƙafar yana murza hammata, yana cewa sandar ce ba ta da kyau. Sandar kuwa lafiyarta ƙalau. Ta wata mata ce 'yar gajeruwa daga Maigatari, ita aka auna, ba shi ba. Ku samarin yanzu da injin walda ya sangarta, ƙarfen kawai kuke gani, ba kwa ganin mutumin da zai ɗora jikinsa a kai. To ku zauna in ba ku labarin aikin nan, har da wurin da ba na jin daɗin faɗa.

Sunana Sale. A Gagarawa aka haife ni, amma a hannun ƙanin mahaifiyata na tashi, Kawu Haladu, maƙeri a nan Gumel wanda ya haɗa ƙira da gyaran keke. Shekara uku ina kan zugazugi kafin ya yarda na riƙe masa awartaki. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: uwar maƙera, masaba, guduma biyu, zarto, magagari, sai wata tsohuwar tukunyar waldar gas da ya sayo a Gagarawa Tasha, wadda yake ji da ita fiye da yadda yake ji da ni. Garma da lauje da ƙyauren ƙofa su ne abincinmu. Sandar guragu kuwa a gefe muke yin ta. A lokacin shan inna ya yi yawa a ƙauyuka, sai ka ga mutum da hankalinsa da sana'arsa yana jan jiki da takalmi a tafin hannu. Kawu ba ya iya ganin haka ya kau da kai, ni kuma a wurinsa na gaji wannan rashin iya kau da kan.

Sanda ta farko da na yi da hannuna ta wani mai tireda ce da akori-kura ta karya wa ƙafa. Na auna shi yana zaune, na ƙara mata tsawo don in burge, ta zo ta tokare masa hammata. Mako biyu ya dawo hannunsa na dama ya mutu, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Kawu bai doke ni ba. Tura ni ya yi tiredar mutumin in riƙa miƙa wa mutane sukari da ashana har hannun ya dawo, ana ta yi mini dariya a bakin kasuwa. A nan na koyi cewa tsakanin hammata da kan sanda sai an bar faɗin yatsu biyu, domin tafin hannu ne ke ɗaukar nauyi, ba hammata ba. Kuma a tsaye ake auna mutum, da takalmin da ya saba sawa, a kan irin ƙasar da zai taka.

Ƙasar tamu kuwa kun san ta, yashi ce. Daga Sule Tankarkar har Maigatari, sandar da ake bayarwa a asibitin birni ba ta da amfani, gindinta siriri ne, kana dogarawa take nutsewa ta kai ka ƙasa. Mu tsohuwar tayar babbar mota muke yankawa, faɗin tafin hannu, ninki biyu, mu yi wa sandar takalmi. Samanta kuma mu naɗe da auduga, baduku ya rufe da fatar akuya.

Lanƙwasa bututu shi ne inda ake gane wanda ya koya da wanda ya gani kawai. In ka gasa bututu babu komai a ciki ka tanƙwara, lotsewa zai yi a gwiwar, ya zama abin zubarwa. Sai an ɗura masa yashi an danna ya cika tam, an toshe bakinsa da itace, sannan a gasa a lanƙwasa a hankali. Yashin ma sai an soya shi a kasko ya bushe ƙarau, don in da laima a ciki tururi zai harbo toshiyar ya cire maka haƙori. In an gama sai a zazzage yashin a zubar. Haka Kawu ya koya mini, haka kuma na riƙa yi har shekarar fari.

Waɗanda suka ga shekarar nan ba sa son tuna ta. Ita ce shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, mutane suna ta lissafin sabon kuɗi babu abin saya da shi. Gero ya ƙone tun yana gwiwa. Shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanyar Maigatari, mutanen Damagaram suna ta kwararowa da jakuna da 'yan komatsansu. Babu mai sayen garma, tun da babu abin nomewa. A shekarar Kawu ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, ga iyalinsa ga nawa. Bututun kirki da muke sayowa Kano ya fi ƙarfina. Abin da ya yi arha shi ne gadon ƙarfe, domin mata sun yi ta fito da gadajensu kasuwa don a sami na hatsi. Na riƙa saye ina warwarewa, ba da daɗin rai ba. Sai dai bututun gado ba shi da kauri. Na yi wa wani manomi sanda da shi, kwana uku ta tanƙware a ƙarƙashinsa, Allah ya kiyaye bai ji ciwo ba.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina, sai dabara ta zo mini. Tun da yashi ke hana bututu lotsewa a wuta, me zai hana in bar shi a ciki har abada? Na ɗura, na danna, na liƙe sama da ƙasa da walda. Na hau kanta da nauyina, na sa wani ƙaton mahauci ya hau, ko gezau. Murna ta kama ni, na ga kaina gwani. Kuma ban faɗa wa kowa ba. Mu maƙera haka muka taso, sirrin aiki ba a faɗa wa mai saye, kada gobe ya kai wa maƙerin gaba. In mutum ya ce sandar da nauyi sai in ce masa ƙarfen ne mai kyau.

A ƙarshen wannan shekarar aka kawo mini Baffa Sambo a kan amalanke. Dattijon Bafulatani ne daga rugagen arewacin Sule Tankarkar, dogo, ba shi da yawan magana. Kububuwa ce ta sare shi a wurin neman wa shanu ciyawa, kafin a kai shi asibiti ƙafar ta lalace, aka yanke ta daga saman gwiwa. Mu da muke da jinin Mangawa, Fulani abokan wasanmu ne, don haka ina auna shi ina tsokanarsa, na ce yanzu dai an huta da yawon Fulani. Ya ce in yi aikina, ƙafa ɗaya ta Bafulatani ta fi biyu na Bamange nisa. Kuma ya cika maganarsa. Cikin wata biyu yana bin sauran shanunsa da sandunan nan, yana zuwa kasuwar Maigatari, yana tsayawa sahu a masallaci. Duk wanda ya yi yunƙurin tallafa masa sai ya sha kallo. Lokaci-lokaci yakan biyo in canja masa taya, ya kawo mini ƙwaryar nono, ya ce in sha ko na yi hankali.

Bayan shekara biyu ya zo ya ce mini ya biya kujerar Makka. An gaya masa a can akwai masu ɗaukar marasa ƙarfi a kan katako su zaga da su. Ya ce shi ba za a ɗauke shi a kan katako yana da rai ba, da ƙafarsa zai yi ɗawafi. Don haka in gyara masa sandunan, kuma in raka shi Kano ko wani abu zai kwance a hanya. Na sa sabuwar taya, aka sake fata, na goge ƙarfen har yana ƙyalli. Maganar yashi ko a raina ba ta zo ba.

A wancan zamani rakiyar alhaji gari guda ake yi. Muka hau jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha da mazan rugarsu wajen goma, kowa da malafarsa da sandarsa, cikinsu har da ƙaninsa Yero. Muka yi kwanaki a sansanin alhazai ana jiran jirgi. Ni na yi amfani da damar na shiga kasuwa na sayo sabon zarto da 'yan ƙusoshi. Ranar da aka kira su muka ɗunguma filin jirgi da hantsi. 'Yan rakiya a bayan shingen waya muke tsayawa, maniyyata su shiga wani babban zaure, maza gefe mata gefe, 'yan sanda da kwastan suna buɗe akwatuna a kan tebura. Shekarun nan rediyo ta cika da labarin fashin jirgi a ƙasashen waje, don haka bincike ya yi tsanani. Muna hango ana ware wuƙaƙe da risho mai kananzir ana tarawa gefe. Baffa ya shiga yana dogarawa, kansa a sama, mu kuma muka nemi inuwa muka zauna.

Wajen azahar sai ga jami'in alhazai na yankinmu ya fito da sauri, ya ɗaga sanda ɗaya sama yana tambayar wanda ya ƙera ta. Ina ganinta na gane aikina, a take kuma na tuna abin da ke cikinta. Zamanin soja ne, ni kuma ban taɓa shiga ko ofishin 'yan sanda ba. Ba zan ɓoye muku ba, matsawa na yi bayan wata mai sayar da gyaɗa na sunkuyar da kai. Jami'in ya sake tambaya. Yero ya juyo ya dube ni, ya ci gaba da dubana. Kunya ta fi tsoron ƙarfi, na miƙe na ce ni ne.

Na tarar da Baffa zaune a ƙasa ya jingina da bango, ɗaya sandar tana kan tebur, mutane suna wucewa suna kallonsa. Tun da na san shi ban taɓa ganinsa a ƙasa a gaban jama'a ba. Mai binciken wani saje ne mai furfura a gemu, kuma ba da faɗa ya yi mini magana ba. Ya ce ya ɗaga sandar ya ji nauyinta ya wuce na bututu, ya karkata ta ya ji abu yana zuba a ciki, ga shi an liƙe ta sama da ƙasa. Ya karkata ta a kusa da kunnena, ni ma na ji. Shekara biyu ana dukan ƙasa da ita, yashin ya zauna ya bar sarari. Saje ya ce albarushi haka yake ƙara. Ya tambayi dattijon sau uku, dattijon ya rantse da Allah babu komai a ciki. Saje ya ce shi bai kira shi maƙaryaci ba, amma jirgi cike yake da bayin Allah, ba zai bar abin da bai gani ba ya shiga. Jami'in alhazai ya riga ya ba Baffa shawara ya bar sandunan, za a ɗauke shi har cikin jirgi, a can ma a ɗauke shi. Baffa ya ce in haka ne a ba wani kujerar, shi ya fasa. Jirgin kuwa bayan la'asar zai tashi.

Na ce wa saje yashi ne, ni na zuba. Ya ce wane irin mutum ne zai ɗura wa ƙarfe yashi ya liƙe? Na fara bayanin gadon ƙarfe da shekarar fari, wasu da ke tsaye suka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Sale, ka bar ni na rantse da Allah a kan abin da ban sani ba, ina kan hanyar ɗakinsa."

A rayuwata an zage ni, an kore ni daga ƙofar gida, amma babu maganar da ta taɓa ƙona ni kamar wannan, domin gaskiya ce tsantsa.

Saje ya ce in buɗe ya gani. Aka karɓo mini jakata a wurin Yero, muka fita baranda. Na cire takalman taya, na yanke gindin kowace sanda da sabon zarton, daidai faɗin yatsa, na zazzage a kan wata tsohuwar jarida. Jan yashin bayan rumfata ya zubo ya yi tsibi biyu. Saje ya murza, ya shinshina, ya ware kaɗan gefe ya ƙyasta masa ashana. Ashanar ta ci ta mutu. Ya zura waya cikin bututun har gwiwa, ya juya, ya ce to, a mayar wa dattijo kayansa.

Nan ne na gaya masa sauran matsalar. Bututun nan babu komai a ciki ba zai kai Baffa ko bakin jirgi ba. Na roƙe shi, tun da ya gani da idonsa, ya bari in mayar da yashin in toshe da itace. Ya girgiza kai. Ya ce in an sauka Jidda wasu za su sake dubawa, da Larabci za su yi tambaya, kuma babu maƙerin Gumel a bayan shinge. Duk abin da zan sa a ciki, ya zama abin da dattijon zai iya cirewa da hannunsa ya nuna. Na ji haushinsa a lokacin, amma ya fi ni hangen nesa.

Na tsaya da bututu biyu a hannu, kaina ya ƙulle, ana ta kiran sunayen fasinja a lasifika. Sai na ɗaga ido na hango mutanen rugar a jikin shinge, sun yi cirko-cirko, kowa ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai yadda suke yi a wurin kiwo. Na tambayi saje, itace fa? Ya ce in a gabansa za a sa, kuma zai ciru, babu laifi.

Na ruga wurin shinge na gaya wa Yero abin da nake nema, ya juya musu da Fulatanci. Kafin ya rufe baki sanduna goma sun zuro ta cikin waya. Na gaya musu sai fa na yanke, sai na fere, ba za ta dawo yadda take ba. Babu wanda ya janye tasa. Na bi su ɗaya-ɗaya ina gwadawa a bakin bututu, ina duba miƙewa da tauri. Ta Yero ta yi. Ta biyun ta wani tsoho ce, Gidado, wanda fari ya share wa garke kaf, yake yi wa wasu kiwo. Sandar ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda daɗewa a hannu. Na yi jinkiri, na ce ko a duba wata. Ya tura mini ita, ya ce da ita ya kora shanunsa har suka ƙare, ba ta da sauran aiki a nan, ta je.

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, kuma ban taɓa yin aiki da ido a kaina haka ba. Na auna daga gindi zuwa gwiwar bututu na yanke, na bar faɗin yatsa biyu a waje, don ya cike abin da zarto ya ci kuma a sami wurin kamawa. Na fere da wuƙar Yero. Wata hajiya ta miƙo sabulu, na goga wa itacen don ya shige kuma ya fito. Babu guduma, da gefen dakali na buga. Na huda takalman taya da ƙusa, na mayar, na ɗaure su da waya a maimakon in kafe su har abada. Sannan na durƙusa gaban Baffa na nuna masa yadda zai warware wayar, ya cire taya, ya murɗa itacen ya zaro. Na sa ya yi da hannunsa sau biyu, saje yana kallo. Jami'in alhazai kuma ya rubuta 'yar takarda da Larabci cewa sandunan gurgu ne, itace ne a ciki, ya soka masa a cikin fasfo.

Baffa ya kama bango ya miƙe. Ya dogara, ya taka uku, ya juyo, ya ce wa Yero sun fi da sauƙin ɗauka. Ya yi wa saje godiya. Ni ko kallona bai yi ba, ya bi layi ya shige.

Na koma bayan shinge. Daga zauren zuwa gindin jirgi tafiya ce mai ɗan nisa a kan kwalta, ga rana. Kowa yana ɗaga wa nasa hannu, ni idona yana kan bututun nan biyu, ina jiran in ga inda za su fara lanƙwashewa. Ba su lanƙwashe ba. A gindin matakala wasu ma'aikata biyu suka miƙo hannu, na hango ya girgiza musu kai. Ya hau ɗaya bayan ɗaya, mutane suna jira a bayansa, har ya shige ƙofa. Na yi hamdala, amma raina bai yi fari ba, don na san ya tafi da abu a zuciyarsa game da ni.

Da na dawo gida ban zauna ba. Na ɗauki keke na bi duk wanda na taɓa yi wa sanda tun shekarar fari, Gagarawa, Maigatari, ƙauyukan Sule Tankarkar, na gaya wa kowa abin da ke cikin sandarsa. Wasu suka yi dariya, wata tsohuwa ta ce dama ta daɗe tana jin motsi tana zaton aljanu ne. Tun daga ranar ban sake liƙe wani abu ruf ba. Sanda, takalmin ƙarfe na masu shan inna, keken guragu da na fara yi daga baya, duka da noti nake ɗaure su, a kwance a gani a mayar. Kuma ba na miƙa wa mutum kayansa sai ya kwance ya ɗaura a gabana, ya faɗa mini da bakinsa abin da ke ciki. Yanzu an ce na'ura ce ke leƙa cikin kaya a filin jirgi, amma tambayar ba ta canja ba, kuma mai kayan za a yi wa ita, ba ku ba. Mutanena da yawa sun je Makka sun dawo da aikina, ba a sake tsayar da ko ɗaya ba.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, ina cikin gyara wata garma da safe, na ji ƙarar taya a kan yashi, irin takun da na sani. Alhaji Sambo ne, ya rame ya yi baƙi, Gidado yana biye da shi. Na tashi na shimfiɗa buzu, na yi masa barka da sauka, ina satar kallon fuskarsa. Ya zauna ya miƙo mini sandunan. Tayoyin sun cinye har waya ta fito.

Ya ce a Jidda sun tsayar da shi kamar yadda saje ya faɗa. Ya zauna a kan akwatinsa ya warware, ya zaro itacen ya nuna musu, suka leƙa bututun, suka taya shi mayarwa. Ɗawafi kuwa ta can gefe ya bi inda babu turereniya, ya yi bakwai ɗinsa. Safa da Marwa ta ci masa tun daga hantsi har azahar, tafin hannunsa ya fashe, amma babu wanda ya ɗauke shi. Ya juya yana kallon wutar maƙera. Can ya ce:

"A Arfa ina jera sunayen mutane, na zo kan naka. Na so in tsallake. Sai na duba sandunan da nake tsaye a kansu. Na yi maka addu'a, Bamange, ka ji. Kada ka ƙara."

Na ce ba zan ƙara ba, Baffa. Sai na sunkuya ina kwance waya don kada su ga idona.

Ya ce in sa masa wani itacen, in zaro na mutane a mayar musu da kayansu, aro ya yi. Na zaro ta Gidado. Ta gajarce, duk jikinta sawun wuƙa, ga busasshen sabulu. Na ji nauyin miƙa masa ita a haka. Tsohon ya goge hannuwansa a jikin riga, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya tambayi Alhaji da Hausa, a hankali, ko har ɗakin ta kai.

"Sau bakwai ta zaga shi," in ji Alhaji.

Gidado ya ɗaga sandar. Ya saɓa ta a kafaɗa yadda ya saba, ta yi masa gajarta, hannu ɗaya kawai ta ɗauka. Haka ya riƙa yawo da ita a bayan shanun mutane har ya rasu, bai taɓa zuwa Makka ba, kuma bai sake yanko wata ba.